Faifai na biyu na Nirvana: sun sayar da kansu ne ko sun gyara aikinsu?



Duk wanda ke shiga kasuwar gwanjo a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ya taɓa cin karo da wata baƙar riga mai zanen fuska ruwan ɗorawa, idanu a gicciye, harshe a waje, an rubuta Nirvana a samanta. Yaranmu na saka ta, wasu daga cikinmu ma su ke sayar da ita, amma da wuya ka sami wanda zai gaya maka ko su wane ne masu sunan. Nirvana makaɗan rok ne su uku daga Amurka, kuma abin da ya kai sunansu har cikin dilar gwanjo faifai ɗaya ne, wato faifansu na biyu mai suna Nevermind, wanda ya fito ranar 24 ga Satumba 1991.

Tun fitowarsa ake musu a kansa. Wasu na cewa da wannan faifan ne makaɗan suka sayar da kansu ga babban kamfani, suka goge kaifin kiɗansu don su sami kasuwa. Shi kansa jagoransu, Kurt Cobain, daga baya ya riƙa nuna cewa sautin faifan ya yi sheƙi fiye da yadda yake so. Mu dai ra'ayinmu ya saɓa da wannan. Muna ganin aikin da aka yi wa faifan daidai ne, kuma inda aka yi kuskure wani wuri ne dabam da mutane ba su cika dubawa ba. Za mu kawo dalilanmu, domin akwai matasa a cikinmu da ke shiga situdiyo suna rera waƙa, kuma abin da ya sami waɗannan mutane uku zai iya samun duk wanda aikinsa na farko ya ɗan karɓu.

Kurt Cobain mai waƙa da jita, da Krist Novoselic mai jitar bes, sun kafa ƙungiyar a 1987 a Aberdeen, wani ƙaramin garin masu yankan katako a jihar Washinton. Faifansu na farko, Bleach, ya fito a watan Yuni 1989 a ƙarƙashin Sub Pop, wani ƙaramin kamfani a birnin Siyatul. Kuɗin ɗaukar sautinsa gaba ɗaya dala 606.17 ne, kuma ko wannan ɗin ba su da shi, wani abokinsu mai kaɗa jita, Jason Everman, shi ya biya. Faifan ya sayar da kimanin kwafi 40,000 kafin na biyu ya fito. Ga ƙaramin kamfani wannan abin yabo ne, amma bai isa ya ciyar da mutum uku ba. Suna yawo gari gari a cikin tsohuwar mota, suna kwana a ƙasan ɗakunan mutane, kuma kullum kukansu shi ne masu son faifan na zuwa shago ba sa samunsa, saboda kamfanin ba shi da ƙarfin rarraba kaya.

Wannan shi ne abu na farko da masu zargi ke tsallakewa. Mutumin da ya bar ƙaramin shago ya koma babba saboda ƙaramin ya kasa kai kayansa kasuwa, ba cin amana ya yi ba. A 1990 Sub Pop na cikin matsin kuɗi, har ana raɗe-raɗin zai shiga ƙarƙashin wani babban kamfani. Makaɗan suka ga in dai ƙarshenta hannun manya za a faɗa, gara su je da ƙafarsu su yi ciniki da bakinsu.

A watan Afrilu 1990 suka tafi Madison a jihar Wiskonsin, suka shiga situdiyon Smart tare da furodusa Butch Vig, suka ɗauki waƙoƙi takwas da niyyar su zama faifai na biyu a Sub Pop. Aikin bai kammala ba. Muryar Cobain ta dishe, aka tashi. Bayan nan mai gangarsu, Chad Channing, ya bar ƙungiyar. Sai suka mayar da kaset ɗin abin talla, suna kai wa manyan kamfanoni su saurara. A watan Satumba 1990 Dave Grohl ya shigo a matsayin mai ganga, bayan ƙungiyarsa mai suna Scream ta watse. Da shawarar makaɗan Sonic Youth, waɗanda suka riga su shiga can, suka sa hannu da DGC, reshen kamfanin Geffen, a kan kuɗin kafin alƙalami dala 287,000.

A nan akwai abin lura ga duk mai sana'a. Tun 1989 Nirvana suka matsa wa Sub Pop lamba sai an rubuta musu yarjejeniya, a lokacin da kamfanin ya saba aiki da makaɗa a kan amana da musafaha kawai. Wannan takarda ita ce ta ceci kamfanin. Da Geffen ya zo ɗaukar makaɗan, dole ya biya Sub Pop dala 75,000, ya ba shi wani ɗan kaso daga cinikin faifan, ya kuma buga tambarinsa a bayan kwali. Kamfanin da ake cewa an guje shi, da kuɗin Nevermind ya miƙe, kuma yana nan yana aiki har yau. Bleach ma da ba a samunsa a shago, ya dawo ya sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. To wa aka ci amanarsa?

A watan Mayu 1991 suka shiga situdiyon Sound City a unguwar Van Nuys ta Los Anjalis, da kasafin dala 65,000. Kamfani ya kawo sunayen wasu furodusoshi, makaɗan suka ce su Butch Vig suke so, domin sun saba da shi. Don su sami kuɗin man da zai kai su Kalifoniya, sai da suka yi wasa a Siyatul ranar 17 ga Afrilu 1991, kuma a wannan daren ne suka fara kaɗa waƙar Smells Like Teen Spirit a gaban jama'a. Kafin nan sun shafe watanni suna atisaye kusan kullum a wani ɗaki a garin Tacoma. Saboda haka da suka shiga situdiyo waƙoƙin sun riga sun zauna a hannunsu, yawancinsu sau biyu ko uku kawai ake ɗauka a wuce. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma waɗannan ba su jira ranar tafiya ba.

Me Vig ya yi da ake kira gogewa? Babban abin shi ne ruɓanya sauti. Mai waƙa zai rera baiti, a sake sa shi ya rera daidai yadda ya yi da farko, a ɗora biyun a kan juna, sai muryar ta yi kauri ta cika kunne. Haka ake yi wa jita. Cobain ba ya son maimaita abu, yana ganin hakan ƙarya ce. Vig ya shawo kansa da tuna masa cewa John Lennon na Beatles ma haka yake yi, kuma Cobain na matuƙar ƙaunar Beatles. Wani lokaci kuma Vig kan bar na'ura tana ɗauka alhali mai waƙar na zaton gwaji yake yi. Wannan dabara ce ta mai aikin da ya san halin wanda yake aiki da shi. Babu wata waƙa da aka canja mata kalmomi don a faranta wa kamfani, babu wani baƙon marubuci da aka kawo ya rubuta musu. Waƙoƙin nasu ne, da ɗacinsu da ihunsu.

Kuma ba ko'ina aka ƙara ƙarfi ba. Waƙar ƙarshe a jerin, Something in the Way, sun yi ta gwada ta da cikakken kiɗa ba ta zauna ba. Cobain ya kwanta a kan kujera da wata tsohuwar jita, ya rera ta ƙasa ƙasa kamar mai raɗa. Vig ya kashe duk abin da ke ƙara a ɗakin, ya matso da makirfo, ya ɗauke ta a haka, daga baya aka ɗora ganga da sauran kaya a hankali. Waƙar Polly kuma tsohon ɗaukan Madison aka bari yadda yake. Furodusan da burinsa sheƙi kawai ba zai yi haka ba.

Inda maganar masu zargi ke da ɗan ƙarfi shi ne wurin haɗa sauti. Bayan an gama ɗauka, haɗin farko bai gamsar ba, kamfani ya kawo jerin sunaye, Cobain da kansa ya zaɓi Andy Wallace saboda ya yi aiki da makaɗan Slayer masu kiɗa mai nauyi. Wallace ya tace sautin ganga da jita, ya sa komai ya fito fes yadda zai yi daɗi a rediyon mota. Waɗanda suke wurin, har da Vig da Wallace, sun ce makaɗan sun ji kuma sun yaba a lokacin. Sai bayan faifan ya sayar da miliyoyi ne Cobain ya fara nesanta kansa da sautin. Mu a ganinmu abin da ya dame shi ba sautin ba ne. Ya fito daga cikin jama'ar da ke ganin duk abin da ya karɓu a wurin kowa to ya lalace, kuma ya sami kansa yana jin kunyar abokan da ya baro. Wannan ciwo ne na gaske, amma ba hujja ba ce a kan ingancin aikin.

Mu tambayi kanmu: tela da ya yi ɗinki na farko da tsohon keke, zare na tsinkewa, in ya sami sabon keke ya yi ɗinki mai kyau, za a ce ya bar asalinsa? Ƙarancin kayan aiki hali ne da mutum ya sami kansa a ciki. Bleach ya yi sautin dala 606 ne saboda dala 606 ke akwai. Akwai masu son wannan sautin, kuma haƙƙinsu ne, amma bai kamata su ɗora wa mai fasaha cewa dole ya dawwama a cikin rashi don su ji daɗin cewa su kaɗai suka san shi ba.

Wata hujjar ita ce, shi kansa kamfanin bai san abin da ke hannunsa ba. Da an ƙera faifan ne don kasuwa, da an shirya masa kasuwa. Geffen ya aika kwafi 46,251 kacal zuwa shagunan Amurka, da 35,000 zuwa Birtaniya. Babban burinsu shi ne a sayar da kamar 250,000, irin abin da Sonic Youth suka yi da faifansu Goo. Faifan ya shiga jerin Billboard a lamba ta 144. Abin da ya juya lamarin shi ne bidiyon Smells Like Teen Spirit, wanda Samuel Bayer ya shirya, aka fara nunawa a tashar MTV a ƙarshen Satumba cikin shirin dare, daga baya aka mayar da shi rana saboda yawan masu nema. Shaguna suka ƙare da kaya, kamfani ya koma buga faifai ba dare ba rana. Ranar 11 ga Janairu 1992 Nevermind ya hau lamba ta ɗaya, ya sauke faifan Michael Jackson mai suna Dangerous, yana sayar da kimanin kwafi 300,000 a mako. Zuwa yau ya haura miliyan 30 a duniya, kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya saka shi cikin kundin sautukan da ake adanawa don tarihi.

Har kuskure aka yi a bugun farko. Akwai wata ɓoyayyiyar waƙa, Endless, Nameless, da aka shirya ta zo bayan dogon shiru a ƙarshen faifan, amma wurin kammala sauti aka manta da ita, sai a bugu na gaba aka saka. Kuma a watannin da ke tsakanin gama aikin da fitowarsa, Cobain ya koma garin Olympia ya tarar an fitar da kayansa daga ɗaki saboda bashin haya, har ya riƙa kwana a mota. Wanda ya sayar da kansa ba haka yake kwana ba.

To ina kuskuren yake? Muna ganin wuri uku.

Na farko, rabon kuɗi a tsakaninsu. Lokacin da babu komai, sun yarda a raba kuɗin rubuta waƙa daidai wa daida, domin ba wanda ya zaci akwai abin rabawa. Da miliyoyi suka shigo a 1992, Cobain ya ce shi ke rubuta kusan duk waƙoƙin, shi ke ɗaukar nauyin 'yan jarida, don haka kaso mafi tsoka nasa ne. Grohl da Novoselic ba su ƙi ba. Abin da ya ɓata musu rai shi ne da ya ce sabon rabon ya koma baya ya haɗa da kuɗin Nevermind da aka riga aka samu. Rigimar ta kusa wargaza ƙungiyar, a ƙarshe ya sami kashi 75 cikin 100 na kiɗan, amma zumuncin bai koma yadda yake ba. Cobain na da gaskiya a kan wanda ya yi aikin. Laifin shi ne ba a yi wannan magana ba tun ana cin gurasa ɗaya a mota. Mutanen da suka san su nemi takarda daga kamfani a 1989, ba su zauna sun yi wa junansu lissafin gaskiya ba, saboda kunya irin ta abokai. Rabon da aka yi shi kan kunya, ranar da kuɗi suka zo sai ya zama gaba.

Na biyu, waɗanda aka bari a hanya. Chad Channing ya yi shekara biyu yana kaɗa musu ganga, ya sha wahalar tafiye-tafiyen farko, kuma da shi aka fara gina wasu waƙoƙin faifan a Madison. Grohl da kansa ya sha faɗa cewa wasu salon gangar da ya kaɗa a faifan na Channing ne. Amma a bugun farko ko sunansa ba a rubuta ba a kan Polly, inda hannunsa ke ciki. Da aka shigar da Nirvana zauren girmamawa na makaɗan rok a 2014, ba a haɗa da shi ba, sai dai Grohl ya gode masa a bainar jama'a. Haka jaririn da ke kan kwalin faifan, yana ninƙaya tsirara yana bin takardar dala a ƙugiya: dala 200 aka ba iyayensa, kuma bayan shekara 30, a 2021, ya kai ƙara kotu a kan hoton. Ko me mutum zai ce game da ƙarar, da an yi abin a rubuce da tunanin gobe, da ba a kai nan ba. Idan aiki ya yi albarka, a waiwayi duk wanda ya sa hannu, tun kafin ya zo yana tambaya.

Na uku shi ne mafi nauyi. Cobain na fama da ciwon ciki mai tsanani da baƙin ciki tun kafin Nevermind, kuma ya fara taɓa hodar heroin tun kafin ya yi suna. Faifan bai haifar da wannan ba. Abin da nasara ta yi shi ne ta cire masa shingen da talauci ya yi masa, ta ba shi kuɗin sayen abin da ke kashe shi, ta kuma tara masa jama'ar da abincinsu ya dogara da ya ci gaba da tsayawa a dandamali. Iyalinsa da abokansa sun yi ƙoƙari, an kai shi gidan jinya fiye da sau ɗaya, na ƙarshe a ƙarshen Maris 1994, ya tsallake katanga ya fita. Ranar 5 ga Afrilu 1994 ya kashe kansa a gidansa a Siyatul yana da shekara 27, ya bar 'ya da ba ta kai shekara biyu ba. Masu cewa sheƙin faifai ne ya cinye shi suna sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi. Ciwo ne da jaraba, kuma sun riga kuɗin zuwa.

Akwai mai cewa, ai faifansu na uku ya nuna sun yi nadama. Gaskiya ne a Fabrairu 1993 sun tafi wurin Steve Albini, suka ɗauki In Utero cikin kimanin mako biyu a wani situdiyo a jihar Minesota, da sauti mai kaushi da gangan. Amma a duba abu biyu. Wa ya ba su ƙarfin da za su gaya wa babban kamfani ga yadda muke so? Cinikin Nevermind ne. Sannan da aka gama, su da kansu suka ga wasu waƙoƙin na buƙatar gyara, aka kira Scott Litt ya sake haɗa sautin waɗanda za a kai rediyo. Ashe ko a lokacin da suke da ikon yin yadda suka ga dama, ba su ƙi a ji su da kyau ba.

Don haka ga matasanmu masu shiga situdiyo, da iyaye da yayyen da ke kallonsu, ga abin da muka ɗauka daga wannan labari. Aikin farko mutum na yinsa ne da abin da ya tara tsawon rayuwarsa, ba mai jiransa, ba mai matsa masa. Na biyu kuwa ana yinsa ido na kansa, ga masu cewa ya canja, ga masu cewa kada ya kuskura ya canja. Kada tsoron a ce ka sauya ya hana ka gyara aikinka. In ka sami furodusan da ya fi ka sanin na'ura, ka saurare shi, amma waƙar ta zama taka. Ka yi atisaye kafin ka fara biyan kuɗin awa. Kuɗin kafin alƙalami bashi ne da za a cire daga cinikinka, har da kuɗin situdiyo, don haka kada ka ɗauke shi kyauta. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka kai wa lauya ya karanta ba. Ku zauna da abokan aikinku ku rubuta wa ya yi me, kaso nawa ne nasa, tun kuna raba kuɗin mota. Wanda ya bar tafiya a tsakiya, a rubuta haƙƙinsa shi ma.

Mu kuma na gefe, in muka ga yaronmu ya fara samu, kada mu tsaya ga taya shi lissafin abin da ya shigo. Mu duba idonsa, mu duba abokan da ya sauya, mu tambaye shi barcinsa da abin da yake sha. In akwai matsala a kai shi asibiti da wuri, ko da za a soke wasa a yi asarar kuɗi.

Dave Grohl ya kafa Foo Fighters bayan rasuwar Cobain. Da situdiyon Sound City ya rufe a 2011, ya sayi babban teburin haɗa sautin da aka ɗauki Nevermind a kansa ya kai nasa situdiyon, kuma a 2013 ya fitar da fim a kan tarihin wurin. Mutumin da ya kaɗa gangar faifan bai ɗauke shi abin kunya ba, mu ma ba mu ga dalilin da za mu ɗauke shi haka ba.

Wanda ke da wani ra'ayi dabam, musamman masu sana'ar a cikinmu, muna son mu ji daga gare shi. Allah Ya sa albarka a sana'ar kowa, Ya tsare mana 'ya'yanmu.